Shakazoban Saja Haggai

"Kada ki kira kowa," in ji Baba Saja daga ƙarƙashin motar. "Rebecca, kin ji ni? Kada ki kira kowa."

Muryar ba irin tasa ba ce. Maganar tana fitowa da nauyi, kamar ta mai tuwo a baki. Ina durƙushe kusa da motar, almakashi har yanzu a hannuna, don daga kan keken ɗinki na taso. Tun hantsi nake hango ƙafafunsa daga ƙofar gidanmu, sun leƙo daga ƙarƙashin fijonsa. Ƙafafun mai aiki ba sa zama wuri ɗaya. Nasa kuwa sun daina motsi, ƙarar sifana ma ta ɗauke. Shi ya sa na tsallako layin.

Motar ba ta faɗo masa ba, tana zaune daram a kan bulon da ya jera. Shi ne dai ya kasa fitowa. Hannunsa na hagu yana yashe a ƙasa kamar ba nasa ba. Na kama shi ta idon sawu na fara ja, kwalin da ya shimfiɗa yana biyo shi. Sai da ya fito fili na ga abin da yake ɓoyewa. Wandonsa na kaki ya jiƙe daga ƙugu har gwiwa, kuma ba fitsari kaɗai ba ne. Warin ya taso.

Na kawar da kai. Shi ma ya juya fuska, ya rufe ido.

Saja Haggai sa'an mahaifina ne. Shi ya tsaya wa mijina Dawuda a matsayin uba ranar aurenmu, kuma tun da na zo unguwar Rikoto a Zuru ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ya yi shekaru yana tuƙa manyan motocin soja, har Laberiya ya je. Bayan ya yi ritaya ma, ko shara zai fita zubarwa sai da wando mai karin guga. Wannan mutumin ne ke kwance a gabana cikin ƙazantarsa.

Na kwance zanen da na ɗaura a kan siket, na rufe shi daga ƙirji zuwa ƙafa.

"Baba, bari in kira Mama."

"Na ce a'a. Ɗebo mini ruwa a bokiti ki ajiye nan, ki koma ɗinkinki."

Ban ɗebo ruwan ba. Na shiga gidansu da gudu, na iske matarsa Mama Leah tana tankaɗe a bayan ɗaki. Da ta fito ta ɗaga gefen zanen, ba ta yi ihu ba. Ta yi masa magana ƙasa-ƙasa da yarenmu, sannan ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Ɗiyata, je ki shagon Sylvester ki ce ya kawo motarsa. Amma ki tafi a hankali."

Na gane. Na tafi a hankali, don ta samu lokacin gyara shi.

Asalin wannan aiki, auren autarsu Hannah ne. Ta samu miji a Kanya, malamin makaranta, tana son sa yana son ta. A tsakiyar damina Baba Saja ya ɗauki iyalinsa a doguwar fijonsa zuwa gaishe da surukai. Motar ta tsufa, bayanta ya riga ya zauna, ga mutane, ga kaya. Suna dab da shiga gari, cikinta ya daki dutse a wani kwari, salansa ta cire ta faɗi. Samarin garin ne suka turo ta, Mama Leah kuma ta ƙarasa gidan surukai a ƙafa, da taɓo a gefen sabuwar atamfarta. Uban angon mutumin kirki ne, bai yi dariya ba. Sai dai lokacin sallama ya ce, "Saja, ranar biki kada ka wahalar da kanka, za mu turo mota daga nan ta ɗauko amarya."

Mama Leah ta ce maganar ta tsaya wa Baba Saja a rai har suka iso Zuru.

Washegari ya je wurin Sylvester, ɗan kabilar Ibo mai sayar da kayan mota a bakin tasha, wanda ke haya a ƙarshen layinmu. Ya ce a kawo masa shakazoba masu ƙarfi, ƙarafan nan da ke hana mota jijjiga a rami, da sifirin masu tsawo da kauri fiye da waɗanda motar ta zo da su, yadda za ta ɗaga sama ta daina taɓa ƙasa. Sylvester ya sa aka kawo daga Nnewi. Da ya ce a kai gareji a ɗaura, Baba Saja ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni da na sauke injin tirela a cikin daji ana harbi? Ɗiyata ce. Ni zan ɗaura, ni zan tuƙa ta har ƙofar gidan mutumin nan."

Ranar da ya faɗi, a asibiti suka ce hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin hagu kaɗan. Suka ba shi magani, suka ce Allah ya taimake shi, amma ya huta, kada ya ɗaga abu mai nauyi. Bai daɗe ba aka sallamo shi. Yana tafiya da ƙafarsa, sai dai yana ɗan jan ta hagu.

Na dafa kunun gyaɗa na kai gaisuwa. Ina sallama a tsakar gida na ji ƙarar sakata daga ɗakinsa. Mama Leah ta karɓi kwanon ta ce, "Yana barci." Ni da ita mun san ba barci yake ba. Ta miƙo mini zanena a ninke, an wanke an goge. Na kasa ɗaura shi, na tura shi ƙarƙashin akwati.

Kwana kaɗan bayan haka na wayi gari na ga an kewaye motar da zana. Ya kafa itatuwa ya ɗaure ta da igiya, har ta fi tsayin mutum. Daga ciki ake jin ƙarar ƙarfe, wani lokaci da nishi. Ni ma na janye kekena daga ƙofar gida na mayar da shi ɗaki, duk da duhun ɗakin, ga kuma ɗinkin ankon bikin Hannah da ya taru a kaina. In zan je rijiyar burtsatse sai in zagaya ta bayan gidaje. Ran Lahadi a coci, shi da ya saba zama a gaba, ya koma can gefe bayan ginshiƙi, kuma kafin a gama albarka ya fita.

Ban yi laifin komai ba, na sani. Amma duk lokacin da na tuna fuskarsa da ya juya, sai in ji kamar ni aka tsiraita. Ko Dawuda ban gaya wa ba. Na ce masa Baba ya faɗi ne kawai.

Sai maganar ta fita.

A wurin niƙa na fara jin ta. Wata mata da ba ta lura da ni ba tana ce wa ta kusa da ita, "Ashe tsohon sojan nan sakin komai ya yi a wando. Matar Dawuda ce ta same shi." Da suka gan ni suka shiga gyaran ɗankwali. Na ɗauki garina ko gama niƙuwa bai yi ba. A hanya na yi ta lissafi. Mu uku ne muka san abin nan: shi, matarsa, da ni. Wa zai zarga in ba ni ba?

Da yamma Dawuda ya dawo daga makaranta ya zauna bai cire takalmi ba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ba abin faɗa ba ne."

"To gari ya ɗauka. A teburin mai shayi har wani ya ce a saya masa napkin na jarirai kafin biki." Ya share fuska da tafin hannu. "Na je in taya shi aikin, ya ce daga cikin zanar nan, 'Na gode, malam, gidanku ya taimaka iya taimako.'"

Ranar ban ci tuwo ba.

Sylvester ma ya gwada. Ina jin su ta taga, don shi ba ya iya magana a hankali.

"Baba Saja, wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne fa. Sifirin ɗin nan in ya kuɓuce zai fasa maka kai. Bari ni na shigo, minti kaɗan mun gama."

"Kayanka ka sayar, na saya. Sauran nawa ne."

"To bari na kira bakanike, babu wanda zai sani."

"Ni zan sani."

Hannah ta zo gwajin riga gidanmu, idonta ja. Ina sa mata fil a kafaɗa tana magana. "Anti, na ce masa ko a babur aka kai ni, aure ya ɗauru. Ya ce shi ya yi wa kakana golmo, ya yi shekaru yana noma gonar surukai kafin a ba shi Mama, kuma ba a taɓa cewa ya bar kunyar noma a rabi ba. Ya gama gaba, ya gama ɓangare ɗaya na baya. Ɗayan ne ya gagare shi. Kullum sai ya ɗaura ya zame." Sannan ta ce, "Ke ba ki zuwa gidanmu yanzu."

"Ɗinki ya yi yawa," na ce, fil a bakina.

Wata Alhamis da rana layin ya yi tsit. Mata sun tafi taron zumunta a coci, Mama Leah da Hannah suna cikinsu, maza suna gona ana yankan dawa. Ni na daina zuwa zumunta tun maganar wurin niƙa. Na fito zubar da ƙyallaye, sai na ji an kira sunana.

"Rebecca."

Daga cikin zanar ne. Na tsaya cak.

"Na'am, Baba."

Na matsa kusa da zanar. Sannan ya ce, "Zo ki riƙe mini jak."

Na shiga ta inda zanar ta buɗe. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Yana zaune a ƙasa kusa da inda aka cire tayar baya ta dama, idonsa a kan ƙarfen, bai ɗago ba. Ni ma na zuba ido a kan jak ɗin. Tsofaffin shakazoban suna jingine da bango, duk sun yi tsatsa, mai ya zubo a jikinsu. Sabon, mai launin shuɗi, yana rataye ta sama, ƙasansa yana lilo. Sabon sifirin kuma, murɗaɗɗen ƙarfe mai kaurin babban yatsa, yana tsaye a karkace.

"Kin ga ƙarfen nan da tayoyi ke riƙe da shi? Jak ne zai ɗaga shi. Ni zan riƙe sifirin ya zauna a gurbinsa. Hannu ɗaya ba ya yin biyun." Ya faɗi wannan da sauri. "Ki riƙa bugawa a hankali. In na ce tsaya, ki tsaya."

Na kama sandar jak ɗin na fara bugawa. Ƙarfen ya soma tashi. Sifirin ya yi ƙara, ya fara matsewa. Baba Saja ya tokare shi da hannun dama, ya danne da kafaɗar hagu, gumi yana bin wuyansa.

"Tsaya. Sauke kaɗan. A'a, murɗa wancan, a hankali. Yawwa. Sake bugawa."

Karo na farko ya zame, ya yi wata ƙara da ta sa na saki sandar. Bai yi faɗa ba. Ya gyara shi muka sake. A karo na biyu na ji wani ɗan ƙas, ya ce, "Ya zauna." Muka ci gaba da ɗagawa har ramin da ke ƙasan shakazoban ya zo daidai da na ƙarfen. Ya ce in miƙo masa kusa, ya zura ta, ya buga da guduma, ya sa noti. Da ya zo ɗaurewa hannunsa ya gaza. Ya matsa gefe, na kama sifanar da hannu biyu na ja har ya ce ya isa.

Muka gangaro da tayar muka sa. Ya ce in taka sifanar taya da ƙafa, in hau da dukan nauyina. Muka cire bulon ɗaya bayan ɗaya, motar ta sauka a kan ƙafafunta. Ta yi tsayi, har ta yi kamar ba ita ba. Ya zagaya bayanta, ya danna da hannun dama ya saki. Ta yi ƙasa, ta dawo, ta tsaya.

"Kin gani? Ba ta lilo. Da can in ka danna sai ta yi ta rawa kamar 'yar biki."

Ya kwance igiyar zanar ya ture ta gefe. Ya shiga ya tayar da motar, sannan ya ce, yana kallon gaba, "Shiga baya, inda amarya za ta zauna. Ki gaya mini in kin ji ta taɓa."

Na shiga. Ya sa hannu ya karkatar da madubin da ke gabansa, yadda ba zai gan ni ba. Muka gangara layin a hankali, hannunsa na hagu a kan sitiyari kamar an ɗora shi ne kawai. A ƙarshen layin akwai ramin da ruwan damina ya ci, wanda ko masu babur sauka suke yi. Ya nufe shi. Na riƙe kujera ina jiran ƙarar ƙarfe da dutse. Motar ta nutsa, ta fito, shiru.

"Ta taɓa?"

"Ba ta taɓa ba, Baba."

Ya juya ya sake bi ta ramin. Sannan ya tsaya a ƙarƙashin wata ɗorawa, bai kashe injin ba.

"Abin da kika gani ranar nan," ya fara.

"Ban ga komai ba, Baba."

"Kin gani." Ya yi ajiyar zuciya. "Na san ba ke kika faɗa ba. Leah ce. Ta kai wa matan zumunta a yi mini addu'a, ta ba su labarin har da abin da Allah ya riga ya sani. Shekaranjiya ta gaya mini tana kuka."

Na sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo a kan hannuwana, suka bar layi a cikin baƙin man.

"A Laberiya," ya ce, "akwai wani kofur, ɗan wajen Sakaba. Aka buɗe mana wuta a hanya, yana zaune kusa da ni a gaban mota. Ya yi irin wannan. Na wanke motar da kaina, na ba shi wandona, ban gaya wa kowa ba. Daga ranar ya daina gaishe ni. In ya hango ni sai ya canza hanya, har aka dawo da mu gida. Na yi shekaru ina cewa butulu ne." Ya taɓa giyar motar. "Ban san kunya ce ba."

Muka dawo. Ya ajiye motar a fili, gabanta yana kallon titi. Da zan tsallaka gida ya ce, "Ki fito da kekenki waje, kada idonki ya lalace." Har a lokacin bai dube ni ba.

Na bar shi yana jawo kujerarsa zuwa inuwa, ya ajiye roba da ruwa da garin sabulu a gabansa.

A nan Mama Leah ta same shi da suka taso daga zumunta da la'asar. Kansa ya karkata a kafaɗa, ruwan robar yana nan fes, bai kai ga sa hannu ba. Kukan Hannah ne ya fito da ni.

An ɗaga bikin zuwa bayan sabuwar shekara. Sylvester ne ya tuƙa amarya a fijon, ya ce har ƙofar gidan surukai cikinta bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Amma wannan daga baya ne.

A ranar, maza suka ɗauke shi suka kwantar a kan gadonsa, suka fita neman fasto da masu akwatin gawa. Tsakar gida ta cika da mata. Mama Leah ta leƙo ta yafito ni. Na shiga na tsaya daga bakin ƙofa. Ta dubi hannuwana, waɗanda na wanke amma baƙin bai gama fita ba. Na yi sauri na ɓoye su a bayana.

"Ke kika riƙe masa?"

"Ni ce, Mama."

Na jira ta ce likita ya hana. Ta gyaɗa kai kawai, ta nuna mini tabarma. Na zauna.

Ta jawo tsintsiya daga bayan ƙofa ta karyo tsinke ɗaya. Ta zauna a bakin gadon, ta ɗauki hannunsa na dama ta ɗora a cinyarta, ta juya shi wajen hasken taga. A waje mata sun fara waƙa a hankali. Ta fara da babban yatsa, tana fitar da baƙin man daga ƙarƙashin farcen, tana gogewa a gefen zanenta.